Ƙarshen Mako da Jinyar Ɗan Kwikwiyo

Ya kai ɗalibi, idan aka tambaye ka ranar da ka fi so a cikin mako, ina jin za ka ce Asabar. Ba kai kaɗai ba ne. Tun daga ranar Laraba mutane suke fara lissafin abin da za su yi a ƙarshen mako. Ma'aikaci yana tunanin barcin da zai rama. Uwa tana tunanin wanki da cefane. Yaro kuwa hankalinsa yana filin ƙwallo. Wani zai je bikin aure, wani zai je ƙauye gaishe da iyaye, wani kuma ranar Lahadi zai tafi coci da iyalinsa. Kwana biyu ne kacal, amma mukan ɗora musu kayan da ya fi ƙarfinsu.

Yawancin waɗannan shirye-shirye suna iya jira. Wankin da ba a yi yau ba, ana iya yin sa gobe. Wasan da ya wuce ka, wani zai zo. Amma mai rai idan ya faɗi ciwo, ba ya jiran Litinin. Wannan shi ne abin da nake so mu duba tare, kuma zan kawo maka misali daga gidana.

Ni malamin Hausa ne a Ibadan, birnin da Hausawa suke kira Badun. Ina zaune da maiɗakina da 'ya'yanmu biyu, namiji mai shekara 14 da mace mai shekara 11. Ƙarshen makonmu ba ya cika sauyawa. Da safiyar Asabar mukan share gida, yara su wanke kayan makaranta. Daga nan ni da mahaifiyarsu mu tafi kasuwar Bodija sayen shinkafa da wake da manja. Da la'asar ɗana yakan tafi ƙwallo, domin shi ne mai tsaron ragar ƙungiyar unguwarmu. Ranar Lahadi nakan duba littattafan ɗalibaina, da yamma kuma mu leƙa Sabo, unguwar Hausawa, mu gaisa da 'yan'uwa, mu sayo tsire.

Muna kiwon kaji a bayan gida, saboda haka muka daɗe muna neman karen gadi. Da karyar maƙwabcinmu ta haihu, sai ya ba mu ɗaya daga cikin 'ya'yanta. Ɗan kare ƙarami shi ake kira kwikwiyo, jam'insa kuma kwiyakwiyi. Namu baƙi ne wuluk, don haka yara suka sa masa suna Duna. Ranar da aka kawo shi na ce wa ɗana, "Wannan amana ce a hannunka. Cinsa da shansa da tsabtar wurin kwanansa duk suna wuyanka." Ya ce, "Na ji, Baba." Yana da mako bakwai muka kai shi asibitin dabbobi aka yi masa allurar rigakafi ta farko, aka ba mu kati, aka rubuta ranar da za mu koma don ta biyu.

Saura mako guda ranar ta cika, sai ciwo ya riga mu. Wata Juma'a ce. Ɗana ya dawo daga makaranta, Duna bai fito tarbarsa ba kamar yadda ya saba. Ya same shi kwance a gindin mangwaro, ya ɗora kai a kan ƙafafunsa. Aka ba shi abinci, ya sunsuna ya kau da kai. Da dare ya fara amai, wani ruwa mai kumfa. Kafin asuba gudawa ta biyo baya, da jini a cikinta, da wani wari mai ƙarfi wanda ya cika tsakar gida.

To, wannan Asabar ɗin ba irin wadda muka saba ba ce. An gayyace mu bikin 'yar wani abokin aikina a Abeokuta. Mun ɗinka anko, mun sayi tikitin jirgin ƙasa da zai tashi daga tashar Moniya. Ɗana kuwa ƙungiyarsu tana da babban wasa da la'asar, wanda ya yi wata guda yana jira. Wani baƙo da ya kwana a gidanmu ya leƙa Duna, ya ce, "Malam, kare ne fa. Ku ba shi farasitamol ku yi tafiyarku. Zai ci ciyawa ya warke. In bai warke ba, sai ku kai shi asibiti ranar Litinin."

Wataƙila kai ma ka taɓa jin irin wannan shawara. Mai ba da ita ba mugu ba ne, amma tana da haɗari ta hanya biyu. Na farko, maganin mutum ba maganin kare ba ne. Farasitamol yana iya lalata hantar kare, wasu magungunan ciwon jiki kuma suna ɓata masa ciki da ƙoda. Na biyu, jikin kwikwiyo ƙarami ne, ruwan da ke cikinsa kaɗan ne. Amai da gudawa na yini biyu sun isa su ƙarar da shi.

Muka zauna muka yi shawara. Hausawa suna cewa zumunta a ƙafa take, don haka bai kamata a rasa kowa daga gidanmu a wurin biki ba. Maiɗakina da 'yarmu za su tafi su wakilce mu, ni kuma in zauna. Sai na dubi ɗana, ban ce masa kome ba. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ya ce, "Baba, bari in je in gaya wa kocinmu ya sa wani a raga. Ni na ce zan kula da shi." Idanunsa sun cika da hawaye, amma ya tafi ya faɗa.

Kafin ƙarfe tara muna asibitin dabbobi, Duna yana cikin kwali, an shimfiɗa masa tsohon zani. Likitar ta ɗora shi a kan tebur. Ina so ka lura da abin da ta yi, domin kai ma za ka iya yin wasu daga ciki a gida. Ta kama fatar bayan wuyansa ta ɗaga, sa'an nan ta saki. Fatar lafiyayyen kare takan koma wurinta nan take, amma ta Duna sai ta tsaya, ta koma a hankali. Ta ɗaga leɓensa ta taɓa dasashinsa, wato naman da haƙora suke fitowa daga ciki, ta ji ya bushe yana danƙo. Waɗannan alamu biyu suna nuna ruwan jiki ya ragu. Ta auna zafin jikinsa, ta bayyana mana cewa na kare yakan kasance tsakanin digiri 38 da 39, wato ya ɗan fi na mutum, wanda yake kusan 37. Na Duna ya haura 40. Daga ƙarshe ta gwada kashinsa.

Da sakamako ya fito ta ce, "Malam, gara da kuka zo yau. Cutar farbo ce."

Farbo cuta ce da wata ƙwayar bairas take kawowa. An fara gane ta a jikin karnuka a shekarar 1978, kuma cikin ɗan lokaci ta bazu a duniya. Tana fita ta kashin karen da ya kamu, ta zauna a ƙasa wata da watanni ba ta mutu ba. Ba sai kare ya haɗu da kare ba. Mutum yana iya taka ta a hanya ya shigo da ita gida a tafin takalminsa. Idan ta shiga jikin kwikwiyo, takan ɗauki kwana uku zuwa bakwai kafin ta bayyana. Tana cinye fatar cikin hanji, shi ya sa ake ganin jini, kuma tana rage fararen ƙwayoyin jini waɗanda suke yaƙi da cuta. Ba ta kama mutum. Amma kwiyakwiyin da suka kamu aka bar su ba magani, mafi yawansu mutuwa suke yi. Waɗanda aka kai asibiti da wuri kuwa, mafi yawansu suna tashi.

Ɗana ya tambaye ta, "Likita, ai an yi masa allura. Me ya sa ya kamu?" Ta ce tambayar tana da kyau, ta kuma ba shi amsa. Kwikwiyo yana samun kariya daga nonon farko na uwarsa, wanda ake kira dakashi. Wannan kariya tana raguwa a hankali. Muddin tana da ƙarfi, takan hana allurar rigakafi yin aiki sosai. Idan ta ragu kuma, sai a sami 'yan kwanakin da kwikwiyo ba shi da isasshiyar kariya. Shi ya sa allura ɗaya ba ta isa ba. Akan fara tun yana da mako shida zuwa takwas, a riƙa maimaitawa bayan kowane mako uku ko huɗu, har ya kai mako 16. Kafin a kammala, ba a fita da shi yawo, ba a kuma barin sa ya cuɗanya da karnukan da ba a san lafiyarsu ba.

Likitar ta ce aikinta shi ne ta riƙe jikin Duna har ya sami ƙarfin kawar da cutar da kansa. Ta aske ɗan gashi a ƙafarsa ta gaba, ta sa masa ƙarin ruwa. Ta yi masa allurar tsayar da amai, da wata ta hana ƙwayoyin cuta shiga jini ta raunin hanji. Muka zauna a gefensa kusan awa uku, ruwan yana ɗiga ɗaya bayan ɗaya. Kuɗin da na ajiye don hidimar biki, a nan rabinsa ya tafi. Da za mu fito ta rubuta mana abin da za mu yi a gida, ta ce mu dawo da safe.

A nan ne ainihin jinya ta fara. Muka keɓe masa wani lungu mai siminti nesa da kaji, inda za a iya wankewa. Kwikwiyo mara lafiya yana saurin jin sanyi, saboda haka muka zuba ruwan ɗumi a gora, muka naɗe ta da tsumma, muka ajiye kusa da cikinsa. Likitar ta hana mu ɗura masa kome muddin yana amai, domin ruwa yana iya shiga huhunsa. Sai amai ya tsaya na wasu awoyi, sa'an nan a riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan ta gefen baki da sirinji mara allura. Ɗana ya sami takarda ya ja layuka. Yana rubuta lokacin da Duna ya yi amai, da lokacin da ya yi gudawa, da yawan ruwan da ya sha. Washegari wannan takarda ce likitar ta fara dubawa.

Tsabta ita ce rabin aikin. Sabulu kaɗai ba ya kashe ƙwayar farbo. Abin da ke kashe ta shi ne ruwan bilic, irin su Jik ko Hypo da ake wanke fararen kaya da su. Akan haɗa awo ɗaya na bilic da awo talatin na ruwa. Da farko a kwashe ƙazantar, a wanke wurin, sa'an nan a zuba haɗin a bar shi kamar minti goma. Muka wanke kwanoninsa da tafin takalmanmu da shi. Tsummokaran da suka ɓaci muka ƙone su. Duk wanda ya taɓa shi sai ya sa safar hannu, ya kuma wanke hannu da sabulu bayan ya gama.

Da la'asar muka jiwo ihun 'yan kallo daga filin ƙwallo. Ɗana ya ɗaga kai ya saurara, sa'an nan ya ci gaba da goge bakin Duna. Da dare maiɗakina da 'yarmu suka dawo da ƙunshin abincin biki. Ba su ko huta ba suka karɓi aiki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka muka raba daren gida uku, ni da maiɗakina da ɗanmu, 'yarmu kuma ta ɗauki wanke kwanoni da safe. Cikin dare aka ɗauke wuta, muka ci gaba da tocila. A rabona na dare na zauna ina kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka, ban san ko zai kai safiya ba.

Ya kai safiya. Ranar Lahadi aka sake sa masa ruwa, haka ma ranar Litinin, wadda maiɗakina ce ta kai shi saboda mu mun tafi makaranta. Jinyar farbo ba ta ƙarewa da ƙarewar mako, kwanaki uku ko huɗu na farko su ne mafi haɗari. Ranar Talata da yamma ya miƙe da kansa, yana tangaɗi, ya lashi ruwa a kwano. Ranar Laraba ya ci cokali biyu na dafaffiyar shinkafa da ɗan naman kaza, ba mai, ba yaji, ba albasa, domin albasa tana ɓata jinin kare. Da ɗana ya dawo daga makaranta, Duna ya kaɗa masa wutsiya. Mai haƙuri, in ji Hausawa, yakan dafa dutse har ya sha romonsa.

Ba kowane kwikwiyo ne ya yi wannan sa'a ba. Tun ranar Asabar na buga wa maƙwabcinmu waya, domin akwai sauran 'yan'uwan Duna biyu a gidansa. Ya yi tafiya, ba kowa a gidan sai mai zuba musu abinci. Da ya dawo daren Lahadi ya tarar ɗaya ya riga ya galabaita. Ya kai su asibiti da safiyar Litinin. Ɗaya ya rayu, ɗayan ya mutu kafin azahar. Uwa ɗaya ta haife su da Duna, cuta ɗaya ce ta kama su. Kwana biyu na jinkiri ne suka raba su.

Bayan Duna ya murmure, muka ci gaba da keɓe shi na mako biyu, domin karen da ya warke yakan ci gaba da fitar da ƙwayar cutar na ɗan lokaci. Sa'an nan aka kammala masa allurai, aka ba shi maganin tsutsar ciki, aka koya wa yara yadda za su riƙa duba kunnuwansa da tsakanin yatsunsa don cire kaska. A katinsa akwai wata allura da ta fi duk sauran muhimmanci gare ka, ko da ba ka da kare. Ita ce ta ciwon haukan kare, wadda akan yi wa kwikwiyo idan ya kai wata uku, a kuma riƙa sabunta ta.

Wannan ciwo, ba kamar farbo ba, yana kama mutum, kuma da zarar alamunsa sun bayyana kusan ba a tsira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutane kimanin 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma da yawa daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan dukansu ta cizon kare suke kamuwa. Wani masani ɗan Faransa, Louis Pasteur, shi ne ya fara yi wa mutum rigakafinsa a shekarar 1885, kuma ranar 28 ga Satumba, ranar da ya rasu, ita aka keɓe a duniya don faɗakarwa a kan ciwon. A nan Nijeriya, Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana yin allurar rigakafinsa ta karnuka. Idan kare ya cije ka ko ya yakushe ka, ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har tsawon minti 15, ka gaya wa iyayenka, ku tafi asibiti a ranar. Kada ka ɓoye don tsoron faɗa, kuma kada a ce sai Litinin.

A ƙasar Hausa ba a cika shigar da kare ɗaki ba. Wurinsa tsakar gida ne, ko gona, ko bayan garken shanu, ko dajin farauta. Amma nisanta shi daga ɗaki bai ba kowa izinin wulaƙanta shi ba. A cikin hadisan Musulunci akwai labarin mutumin da Allah ya gafarta masa saboda ya shayar da kare mai jin ƙishirwa. Kowace al'umma a ƙasar nan tana da irin wannan koyarwa ta tausayi. Dabbar da ka kawo gidanka ba ta iya zuwa asibiti da kanta, ba ta kuma iya cewa ga inda yake mata ciwo. Idonka ne zai gano, ƙafarka ce za ta kai ta.

Saboda haka, ya kai ɗalibi, idan za ka tsara ƙarshen makonka, ka fara da tambayar kanka: me ke gidan nan da ya dogara da ni? Wataƙila kare ne ko kyanwa, wataƙila akuya ce ko kaji, wataƙila ma ƙanenka ne ko kakarka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun ranar Juma'a ka duba katin allura, ka san inda asibitin dabbobi mafi kusa yake da lokacin da yake buɗewa ranar Asabar, ka ajiye lambar wayar likita a inda kowa zai gani. Idan za ku yi tafiya, ku bar dabbar a hannun wanda zai dube ta da kyau, ba wanda zai zuba abinci kawai ya wuce ba. In ka yi haka, sai ka tafi wasanka da kwanciyar hankali.

Tambayoyi

1. Waɗanne shirye-shirye iyalin marubucin suka yi a wannan Asabar, kuma yaya suka raba aikin?
2. Faɗi alamu biyu da suke nuna cewa ruwan jikin kwikwiyo ya ragu.
3. Me ya sa allurar rigakafi ɗaya ba ta isa ba?
4. Me ya kamata ka yi idan kare ya cije ka?
5. Bayyana ma'anar karin maganar nan: "Ba a fafe gora ranar tafiya."
6. Rubuta jimloli goma a kan yadda kake tsara ƙarshen makonka.